Awa Sha Huɗu Zuwa Sakkwato

Asabar, 2 ga Agusta, 2025

Littafin nan mai kawo mini tayoyi ya ba ni tun farkon shekara, ban taɓa buɗe shi ba sai yau. Akwai maganar da ba zan yi da matata Zuwaira ba, ba kuma zan yi ta a gareji gaban direbobi ba.

Inna ta faɗi da hantsi a bakin famfo. Ƙafafunta sun kumbura kamar an hura su. Da kaina na kai ta asibiti, na kama mata ɗaki ita kaɗai, mai na'urar sanyi. Ta ce a kashe, sanyin yana shiga mata ƙashi.

Ni ne ɗanta na fari, don haka shekarata hamsin da huɗu ban taɓa jin sunana Sahabi ya fito daga bakinta ba. Kunyar ɗan fari. "Wancan" take cewa, in ta so ta girmama ni ta ce "mai motoci". Yau nas ta tambaye ta wa ya kawo ta, ta nuna ni da haɓa. Sai ta juya wajen Zuwaira: "An gaya ma Gazali?"

Gazali. Autanta. Shekara shida ke nan yana Guangzhou, can ƙasar Caina, yana yi wa 'yan kasuwarmu lodin kaya. Ni na tura shi. Shi sunansa ba ya yi mata nauyi.

Litinin, 4 ga Agusta

Likita ta kira ni ofishinta. Ta ce zuciyar ta gaji, ƙoda kuma ta fara bin ta. Ta cire tabarau ta ce, "Alhaji, in akwai wanda ke nesa, da an sanar da shi." Na ce yaushe? Ta ce wannan ba a hannunta yake ba. Mai yiwuwa wata biyu. Mai yiwuwa sati biyu.

Na fito na zauna cikin mota, na ɗauko waya. Akwai wani shafi da ake rubuta filin jirgi biyu ya faɗa maka nisan da ke tsakaninsu. Na rubuta Guangzhou, na rubuta Sakkwato. Ya zana mini layi ɗaya a kan taswira, ya ɗan lanƙwasa kamar baka. Kilomita dubu goma sha ɗaya da ɗari biyu da 'yan kai. Lokacin tafiya: awa sha huɗu da mintuna.

Sai da na yi dariya. Awa sha huɗu! Tirelata in ta ɗauki albasa nan, awa sha huɗu ko rabin hanyar Legas ba ta yi ba. Ga kuma wani abu da ba kowa zai lura da shi ba: agogonsu ya riga namu da awa bakwai. In ya tashi ƙarfe shida na safe a can, ya sauka nan ƙarfe ɗaya na rana. Ya yi asuba a Caina, ya yi azahar a sahu ɗaya da ni a unguwarmu ta Arkilla.

To mai awa sha huɗu ai ba ya nesa. Likita ta ce wanda ke nesa.

Ban yi jami'a ba. Daga sakandare buhun siminti na ɗauka a ka a Kalambaina, shekara huɗu, har gashin tsakar kaina ya tafi bai dawo ba. Yau motoci ashirin da uku ke yawo da sunana a goshi. Lissafin hanya dai babu farfesan da zai koya mini. Ranar da na ga ya kamata, waya ɗaya zan buga, ya iso.

Talata, 5 ga Agusta

Gazali ya kira, wai ya ji Inna na asibiti. Zuwaira ce ta gaya masa, na sani.

Na ce da sauƙi. Ya ce, "Yaya, da sauƙi na gaskiya ko na gaisuwa?" Na ce tun yaushe ka fara yi mini tambayar 'yan sanda? Sai ya ce akwai wani abu da zai yi cikin satin nan, shi ya sa yake son ya sani, in akwai matsala ya dakata. Na ce ya yi abin da ke gabansa. Ina nan. Tun yana rarrafe nake riƙe da gidan nan, ba yau zan nemi mataimaki ba.

Ban tambaye shi ko mene ne abin ba.

Laraba, 6 ga Agusta

Hannuna na hagu ya yi nauyi da safe, kamar na kwanta a kansa. Ya saki kafin in isa gareji.

Alhamis, 7 ga Agusta

Inna ta ce a mai da ta gida. Likita ba ta yi musu ba, kuma rashin musun ne bai yi mini daɗi ba. Mun dawo da ita ɗakinta na Arkilla, wanda na gina mata da tagogi biyu don iska. An kawo nas mai zuwa safe da yamma.

Da la'asar na leƙa gareji. Mode yana zaune a kan tsohuwar taya yana cin goro. Shi ne direbana na farko, yanzu ido ya hana shi tuƙi, sai tsare ƙofa da surutu. Ya girme ni, shi kaɗai ke gaya mini magana a wurin nan ya kwana lafiya. Na nuna masa layin a waya, don ya ga ikon zamani.

Ya kawo wayar daf da hanci, ya duba, ya duba. Ya ce, "Alhaji, wanga layi, ina tasha tai?"

Na ce wace tasha? Jirgi ne.

Ya ce, "To ina aka shan mai? Ina masu shinge? Kai da kanka kake korar mai kaya in ya ce maka Legas kilomita kaza ce. Kakan ce hanya ba ta san kilomita ba."

Na ce sama ba ƙasa ba ce, babu rami, babu gada. Ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin hanyar da ba ta da Funtuwa tata ba." A Funtuwa motata ta farko ta kwana huɗu da shanu a ciki, shi ke tuƙi. Ba ya barin in manta.

Tsufa ne. Na bar shi da goronsa.

Asabar, 9 ga Agusta

Kunu cokali uku Inna ta sha. Jiya biyar ne.

Lahadi, 10 ga Agusta

Gazali ya matsa sai ya ga Inna a waya. Kafin a kira, ta sa Zuwaira ta ɗaura mata sabon kallabi, ta sa mata kwalli, aka jingina ta da matasai uku, aka ja bargo aka rufe ƙafafun. Matar da tun safe ba ta iya ɗaga kai ba.

Da fuskarsa ta fito, wallahi sai da Inna ta yi dariya. "Auta! Ka rame. Ba su ba ka tuwo can?" Ya ce Inna ya jiki? Ta ce, "Da sauƙi ƙwarai. Ka ga har na zamna." Ta tambaye shi ko har yanzu da tsinke suke cin shinkafa. Ta sa masa albarka. Minti huɗu.

Ana kashewa ta zame kamar an zare mata ƙashin baya. Numfashi da ƙyar. Da ta dawo daidai ba ta dube ni ba, bango ta duba, ta ce, "Wancan ya san abin da ya kamata."

Na ɗauka yabo ne. Har na ji daɗi.

Litinin, 11 ga Agusta

Zuwaira ta tare ni a zaure zan fita, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Alhaji, ka fahimci maganar Inna ta jiya?" Na ce Hausa ce ai. Ta ce, "Ita uwa ce. Ko ranta na fita ba za ta ce wa ɗanta da ke wata ƙasa ba sauƙi ba. Nata ke nan. Naka shi ne ka zagaya ka gaya masa gaskiya. Kai take jira, kai kuma kana jiran waya ta gaya maka."

Na ce na auna komai, awa sha huɗu ne. Ta ce, "Ka auna jirgi. Ka auna Inna?"

Na fita abina. Mace ba za ta tsara mini yadda zan yi da uwata da ƙanena ba.

A mota na yi ta tunani. In na kira shi ya zo, shi ne zai zauna a bakin gadon, shi za ta ba labari, shi zai ba ta kunu ta sha. Ni kuma in koma mai kawo magani da tsayuwa a bakin ƙofa, kamar kullum. Kwana tara ke nan ni ke ɗaga ta. Jiya ta riƙe wuyan rigata da za a juya ta. Ba ta taɓa riƙe ni ba tun ina yaro.

Wannan ba dalili ba ne. Na rubuta ne kawai.

Talata, 12 ga Agusta

Da safe ba ta gane nas ba. Fitsari ya tsaya tun jiya. Likita ta zo gida, ta duba, ta dube ni.

Na fita tsakar gida na kira Gazali. Na ce ka shigo jirgin yau, gobe ina son in gan ka.

Sai da na duba ko layin ya yanke.

Ya ce, "Yaya, fasfona ba ya hannuna."

Takardar zamansa ce ta kusa ƙarewa. Ya miƙa fasfo a ofishinsu don a sabunta, ranar Laraba, washegarin da muka yi magana. Abin da ya ce zai yi ke nan. In an karɓa kuma ba a bayarwa sai an gama. Kwana bakwai na aiki, in an yi sa'a. Wasu har sha biyar.

Na yi masa faɗa. Na ce wane irin mutum ne zai rabu da fasfo uwarsa na kwance? Ya bar ni na gama. Da na gama na ji abin da na faɗa yana dawo mini a kunne.

Laraba, 13 ga Agusta

Ya je ofishin ya roƙe su. Sun ce ya kawo takardar likita. Na aika. Sun ce sai an fassara ta da yarensu, an buga hatimi.

Layin da ke wayata bai ce komai a kan hatimi ba.

Alhamis, 14 ga Agusta

Na tafi Sama Road wajen masu yankan tikiti, don a kama kujera tun yanzu, fasfo na fita ya hau. Wani mai furfura a gemu ke zaune, Abdulshakur sunansa, ya san ni. Na ce jirgin Guangzhou zuwa Sakkwato nake so, mai awa sha huɗu. Na nuna masa.

Bai yi dariya ba, na ba shi wannan. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba jirgi ba ne. Awo ne. Da za a ɗaura zare daga can zuwa nan, tsawonsa ke nan. Babu jirgin da ke bin zaren."

Ya ɗauki takarda ya zana mini. Daga Guangzhou zuwa Habasha wajen awa sha ɗaya. A sauka, a jira. Daga Habasha zuwa Abuja kusan awa biyar. Lokacin da zai fito daga hannun masu duba fasfo da kaya, jirgin Sakkwato na ranar ya riga ya tashi, sai ya kwana. Washegari awa ɗaya da 'yan mintuna, in jirgin ya tashi a kan lokaci, ga shi damina ce. Duk wannan in akwai kujera, kuma lokacin nan 'yan kasuwa sun cika hanya.

Na ce to awa bakwai ɗin da ake ragewa fa? Ya ce, "Agogo ke ragewa, Alhaji. Mai jira ba a rage masa komai."

Na ninke takardar na sa a aljihu. Tasha uku. Mode bai taɓa shiga jirgi ba.

Asabar, 16 ga Agusta

Kawu Maccido ya iso daga Wurno, ƙanen Inna, shi ya rage mata. Ban aika masa ba. Ya ce mafarki ya yi. Ya shiga ya daɗe, ya fito yana share ido da hannun riga, ya zauna a tabarma ya ce a kawo masa fura, wai furar birni ruwa ce da aka nuna ma gero daga nesa.

Da ya sha ya ce, "Sahabi, ina yaron?" Na ce yana hanya. Ya ce, "Hanya wace? Ta ƙasa ko ta bakinka?"

Da yamma Zuwaira ta same ni da wani ƙulli a hannu. Inna ce ta sa ta buɗe ƙasan akwati. Farin yadi ne, wanda ta jiƙa da zamzam shekarar da na kai ta Makka, ta shanya a can, ta ninke. Ban san tana da shi ba. Ta ce a ajiye kusa, kada a tashi nema.

Lahadi, 17 ga Agusta

Hadari ya haɗu tun azahar, baƙi ƙirin ta gabas, bai zubo ba. Kwana uku ke nan yana haka.

Hannun ya sake. Wannan karon har kafaɗa, kofin shayi ya kuɓuce mini. Na ce wa Zuwaira zafi ne.

Litinin, 18 ga Agusta

Fasfo ya fito. Alhamdu lillahi. Kujera babu sai ta jirgin da zai tashi Laraba, da magaribarmu ta nan. Na ce wa Abdulshakur ko ta wace ƙasa ce a bi, ya juyo mini da na'urar na gani da idona. Sauran duk sun fi tsawo.

Na shiga na gaya wa Inna. Na durƙusa na ce Gazali na tafe, Juma'a yana nan. Ta buɗe ido ta ce, "Yau mi?" Na ce Litinin. Na ga leɓenta na motsi, tana ƙirgawa. Ta kai huɗu ta tsaya. Ta rufe ido.

Talata, 19 ga Agusta

Da hantsi ina zaune kusa da ita, Zuwaira ta fita ɗauko ruwan zafi. Inna ta lalubo hannuna, na hagun, ta riƙe. Ta ce, "Gazali."

Na ce na'am.

Ta ce, "Ka iso?" Na ce na iso, Inna. Ta ce, "Ka yi ma wancan biyayya. Ya sha wahala da ku. Kansa duk siminti ya cinye." Ta ce, "Ba ya faɗin abin da ke damunsa. Tun yana ƙarami. Ka riƙa tambaya tai sau biyu."

Ban san ko ta san hannun wa ta riƙe ba. Ban motsa ba har ta yi barci, hannun ya mutu gaba ɗaya, ban zare ba.

Laraba, 20 ga Agusta

Ya tashi. Ya turo mini hoton ƙofar jirgi, sannan wayarsa ta mutu. Na idar da magariba na tsaya tsakar gida ina kallon sama kamar wawa. Yana wani wuri a kan teku ko hamada, ba a iya kiransa, ba a iya gaya masa ya yi sauri.

Alhamis, 21 ga Agusta

Ya sauka Abuja bayan sha biyu. Jirgin Sakkwato ya tashi tun sha ɗaya, kamar yadda aka zana mini a takarda.

Na ce ya ɗauki shatar mota yanzu. Mode na tsaye, ya karɓe wayar daga hannuna, abin da ko a mafarki. Ya ce, "Gazali, kada ka hito. In ka taso yanzu dare za ya riske ka inda ba a son dare ya riski mutum. Ka kwana nan." Ya miƙo mini, ya ce, "Kore ni in ka so. Ba a kai ma tsohuwa gawa biyu."

Ban kore shi ba.

Kilomita dubu sha ɗaya ya ci. Saura abin da tirelata ke yi a yini guda. Inna tun safe ba ta yi magana ba, sai da la'asar ta ce a bar ƙofar ɗakin a buɗe.

Asabar, 23 ga Agusta

Jiya ban iya rubutu ba.

Ta cika da safe, bakwai da kwata, ranar Juma'a. Kawu na karanta mata Yasin, Zuwaira na ɗiga mata ruwa a leɓe. Fuskarta na kallon ƙofa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ba a yi minti goma ba waya ta yi ƙara. Gazali, yana filin jirgin Abuja tun asuba. Kawu ya riƙe mini hannu ya ce, "Ba a gaya ma matafiyi. Ce mai da sauƙi, shi dai taho." Haka ake yi, na sani. Ni ma haka aka yi mini ranar da Baba ya rasu ina Legas.

Na ɗauka. Ya ce, "Yaya, ya jikin Inna?"

Na buɗe baki. Kalma biyu ce, na faɗe ta ya fi sau dubu a rayuwata. Ta ƙi fita. Ina jin hayaniyar filin jirgi ta bayansa, ana kiran wani gari. Ban san tsawon lokacin da muka yi haka ba.

Shi ya fara yin salati. Sannan ya ce, "Yaya, ku jira ni. Don Allah. In ga fuskarta kawai."

Jirginsa na sha ɗaya ne. Na sami Kawu na ce a bari sai ya sauka. Ya ce gawa ba ta jiran kowa, haƙƙinta ne a gaggauta, an riga an aika masu haƙa. Na durƙusa. Ni Sahabi, gaban mutane, gaban direbobina da suka fara taruwa, gwiwa biyu a ƙasa. Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Har a sauko Juma'a. Daga nan ko Sarkin Musulmi ke tahe, ba ni ƙara minti."

Sha ɗaya ta yi, ba su tashi ba. Ruwa ake yi a Abuja kamar da bakin ƙwarya. Sha biyu. Ɗaya. Yana turo mini saƙo, an ce minti talatin, an sake cewa minti talatin. Biyu saura ya rubuto: mun shiga. Wayar ta mutu.

Aka sauko Juma'a, aka yi mata salla a ƙofar gida, jama'a har bakin titi. Hadarin nan na kwana da kwanaki ya taso da iska, liman ya dubi sama ya dubi Kawu. Na ce a tafi a hankali. Babu mai tafiya a hankali da makara.

Ni na shiga kabarin na karɓe ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan. An jera itace, an fara mai da ƙasa, sai muka ji shi. Ya fito daga cikin hadarin ta kudu, ƙasa-ƙasa, har ana ganin tayoyinsa sun sauko. Duk wanda ke wurin ya san jirgin wane ne. Babu wanda ya ɗaga kai sai ni. Masu shebur ba su tsaya ba.

Mode ya bi wani direbana suka ɗauko shi daga filin jirgi kai tsaye zuwa maƙabarta. Minti arba'in. Ƙasar ba ta bushe ba, ruwa ya fara sauka. Ya tsuguna da jakarsa a kafaɗa, da takardar kaya manne a hannunta, ya dafa ƙasar da tafin hannu.

Na tsaya a bayansa ina jiran ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa.

Da ya miƙe ya ce, "Yaya, ranar Talatar nan da na tambaye ka, fasfon yana aljihuna." Shi ke nan. Ya kama hannuna muka fito.

Daga ranar da likita ta cire tabarau zuwa jiya, kwana goma sha takwas.

Juma'a, 29 ga Agusta

An yi addu'ar bakwai. Na ba Gazali carbinta da kofin da take shan kunu. Ban gaya masa abin da ta faɗa ranar da ta riƙe hannuna ba. Saƙonsa ne, na sani. Wata rana.

Na goge shafin nan daga waya. Ba laifinsa ba ne, abin da na tambaye shi ya faɗa mini.

Laraba, 17 ga Satumba

Gazali ya koma tun sati biyu. Gareji na tafiya. Motoci biyu na Legas, ɗaya ta lalace a Kwantagora.

Ranar Litinin hannun ya ɗauke ina tuƙi, bakina ya ɗan karkace, Zuwaira ta gani. Likitar Inna ta auna ni, ta cire tabarau. Ta ce gargaɗi ne, na biyun ba ya sallama. Akwai gwaje-gwaje sati mai zuwa. Na hana Zuwaira gaya wa kowa.

Yau da hantsi ya kira, kamar yadda yake yi yanzu duk Laraba. Muka gaisa. Ya ce, "Yaya, ya jiki?" Na ce lafiya lau. Har zan shiga maganar kwantena, sai ya ce, "Yaya. Ya jiki?"

Ban gaya masa saƙon Inna ba, wallahi ban gaya masa ba.

Na faɗa masa. Hannun, bakin, tabarau, duka. Ba don komai ba, don dai kada ya ji a bakin Zuwaira ne. Na kuma tambaye shi ko fasfonsa na hannunsa, tambaya ce kawai.

Ya ce yana hannunsa. Ya ce zai nemi kujera yau.

Ban ce ya zo ba. Ban dai ce kada ya zo ba.